Sadakar Inna a Bakin Ƙofa

Kaduna, 6 ga Fabrairu, 1989

Zuwa ga ƙanwata Karimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da fatan jikin Inna da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace nake rubuta wannan takarda. Lauyan da ke kula da gidanmu na Croydon a London ya sanar da ni cewa council, wato ƙaramar hukumar can, na bin gidan kuɗin kwashe shara na fiye da shekara guda, kuma da suka gaji da jira sai suka tattara suka ɗora a kan rates, wato harajin gidan. In ba a biya ba kotu za su kai mai gida, mai gidan kuwa a takarda ni ne tun rasuwar Baba. Ki duba fa, Mijinyawa ɗan Alhaji Lawal a gaban alƙalin Turawa, a kan bola.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, lauyan ya ce wannan ba sharar da ake kwashe wa kowa ba ce. Mota ce ta musamman take zuwa ƙofarmu duk Juma'a. Ku biyu ne rak a gidan, ke da tsohuwa marar lafiya. Me kuke ci har ake turo muku mota? Ko gidan abinci kika buɗe ban sani ba? An yi ta aiko da gargaɗi, ke ce mai Turanci a gidan, kika kwanta a kan takardun kamar kaza a kan ƙwai.

Bayani nake jira, ba tatsuniya ba. Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa mu a addu'a.

Yayanki,
Mijinyawa

Croydon, 21 ga Fabrairu, 1989

Yaya Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Inna tana amsawa, tana tambayar matarka Zinatu da yara. Jiki da sauƙi, ana nan ana ta yi mata wankin ƙoda.

Takardarka ta iso. Rabin layi ka ba jikin Inna, sauran duk na sunanka ne. To ga bayanin da kake nema.

Ba shara ba ce, sadaka ce. Tun da aka yi arba'in ɗin Baba, duk Juma'a in ta idar da sallar asuba, sai Inna ta fitar da wani abu bakin ƙofa, yadda ta saba yi a gidanmu na Tudun Wada. Da kayansa ta fara, riguna da huluna da barguna, har katifarsa da kujerar da yake zama yana jin labarai. Da suka ƙare ta koma dafa shinkafa da wake tana zubawa a robobi. Ta ajiye, ta ce Allah ya kai ladan kabarinsa, ta lallaɓa ta koma ciki. Kafin hantsi babu komai a wurin.

Ita a zatonta mabuƙata ne ke ɗauka. Kwanaki na ji tana ba wata baƙuwa labari, wai talakawan London kunya gare su, ba sa yarda a ga fuskarsu. Gaskiyar magana, Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ce ta yi complain, ta kai ƙara, wai muna tara mata ɓeraye, council kuma ta sa mota.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce mata, "Inna, nan ba a yin haka." Ta dube ni ta ce, "Akwai garin da Allah bai yi mabuƙaci ba?" Na ce ta ba ni in kai masallacin Whitechapel, ta ce ita da hannunta za ta ajiye wa mijinta, ba ta neman ɗan aike. In ina gida nakan zagaya in kwashe in kai inda ake karɓa, amma yawancin Juma'a ina duty a asibiti. Kuɗin farko-farko ni na biya, har albashin nas ya gaza.

Eh, na ga takardun, kuma da gangan na yi shiru. Inna ba ta da kowa a garin nan sai injin asibiti da taga, ranar Juma'a kaɗai nake ganin haƙoranta. Kai kuwa sau ɗaya ka leƙo mu tun rasuwar, shi ma rabin zamanka a kantunan Oxford Street ka yi shi. Ba kai za ka kira ni kaza ba, Yaya, na ji zafin kalmar nan ƙwarai. Ka biya, bai kai kuɗin tayoyin sabuwar motarka ba. Kuma don girman Allah kada maganar nan ta kai kunnenta.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Karimatu

Kaduna, 10 ga Maris, 1989

Karimatu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Inna sannu da jiki.

Na ga rashin kunyarki, lallai London ta buɗe miki baki. Zan biya, don ba zan bari a kira sunan gidanmu a kotu ba. Amma ki sani, ke ce kika ci amanar Inna. Babbar rigar Baba mai aska takwas, wadda na roƙa har sau biyu aka hana ni aka ce ta sadaka ce, ashe tana can a juji ƙarƙashin kwalaben giyar Turawa. Da na karanta wurin nan sai da na ajiye takardar na fita waje. Kin zuba ido uwarki mai ciwon ƙoda tana tsayuwa a kicin tana dafa wa bola abinci, kuma wai wannan kike kira tausayi. In ba a faɗa mata ba haka za a yi ta tafiya, tana dafawa, mota na kwasa, ina biya. Har yaushe?

Inna ba ta karatun boko, ni kuma ban yarda za ki karanta mata takardata yadda na rubuta ba. Don haka na ɗauki maganata a kaset. Hambali ɗan Kawu zai taso London ranar Laraba, na ce ya sa mata da hannunsa, ya zauna har ya ƙare. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba a mutuwa don an ji ta. Wata rana za ki gode mini.

Wassalam.

Mijinyawa

Croydon, 2 ga Afrilu, 1989

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

Hambali ya cika aikenka. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a maimaita mata wurin da ka ce "bola". Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ranar Juma'a ta yi sallarta, ta ja kujera ta zauna a taga. Motar ta zo, suka duba babu komai, suka wuce, tana kallonsu. Tun ranar ba ta sake shiga kicin ba.

Jiya ta ce in rubuto maka tambaya ɗaya, tunda kai ne mai faɗa mata gaskiya. Ga ta yadda ta faɗa: "Abin da na yi ta aika wa Alhaji ya same shi, ko yana can yana zaton na manta da shi?" Na ce mata lada a kan niyya yake, ta ce ni ta daina tambayata. Daga bakinka take jira, a kaset.

Na kira council, sun yi cancel ɗin motar. Daga yau ba za a ƙara maka ko kwabo ba.

Allah ya bar zumunci.

Karimatu