Ɗakin Zaure

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ya Baba da mutanen Badarawa? Ni lafiya lau a Alƙahira, barci ne dai ya yi ƙaranci saboda karatu.

Jiya na kira gida, wani namiji ya ɗauka, har na gaishe shi da ladabi. Ashe ɗana Fahad ne, murya ta buɗe. Ya ce Baba ya mayar da shi ɗakin zaure, wai a zamaninsu ɗan sha huɗu ya gama zama namiji. Malamanmu kuwa cewa suke bai kai babba ba tukuna, yanzu ya fi buƙatar kulawa.

Don Allah ki riƙa leƙa shi. Har yau tsoron duhu yake, kuma yanzu kunya ba za ta bari ya faɗa ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Rashida