Inna a Bakin Zaure

Damagaram, 12 ga Oktoba, 1960

Zuwa ga Yayana Alkasum a Abijan,

Bayan sallama, ga gaisuwar ƙane zuwa ga wansa. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, kai da mai ɗakinka Wasila da yara, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gonar Tirmini ta ba da gero fiye da na bara, gyaɗa ce dai ta ɗan yi mana rowa. Ƙanwarmu Barira ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Mustafa. Bikin 'yancin kai kuwa an yi shi, an sha kiɗa, an ɗaga sabuwar tuta, amma mu 'yan gidan waya washegari muka koma kan buhunan takardunmu kamar kullum.

To Yaya, ga hoton da ka ishe ni da maganarsa tun azumi, na ƙofar gidanmu da Inna tsaye a bakin zaure. Ka ce shekara goma sha biyu rabonka da Birni, har zanen da marigayi Baba ya yi a fuskar zauren ya fara ɓace maka, yaranka kuma ba su san kakarsu ba. In ka gan shi kada ka yi saurin cewa ban iya ba, na san bakinka. Karanta tukuna.

Ka dai san Inna. Da na kai mata maganar sai ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa tsayawa a ƙofa rana tsaka maza na wucewa ba, ba kuwa yanzu da furfura za ta fara ba saboda wani akwatin ɗaukar hoto. In dole ne, sai bayan lisha. Ni kuma ban taɓa ɗaukar gini da dare ba. Gwajin farko abin kunya, gidan ya fito kamar an shafa masa toka. Sai na tafi wurin Ɗan Azumi, tsohon sojan nan da ya koyo aikin hoto a bariki. Ya yi mini dariya son ransa, sannan ya koya mini. Ya ce da dare sai idon akwatin ya daɗe a buɗe kafin ya sha haske, kuma muddin yana buɗe, motsi kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Ya ara mini ƙafa uku ta ɗora akwatin, ya ce in rataya mata dutse ta zauna daram, in rufe idon da hulata, in janye a hankali, in ƙirga arba'in, in mayar. Fitilu kuma a jera su gefe guda, don zanen ya yi inuwa ya fito.

Na jira daren sha huɗu ga wata, iska ta kwanta. Na aro fitilun ƙwai shida a unguwa na jera su ta hagu. Inna ta fito da zanenta na saƙi ta tsaya. Na roƙe ta kada ta motsa, ta ce ita ba yarinya ba ce. Sau uku na ɗauka.

Da muka wanke, wallahi Yaya gidan ya fi yadda ido ke ganinsa. Kowane layi na zanen Baba sai ka bi shi da yatsa, har ƙusoshin ƙyaure ana ƙirgawa. Inna kuwa ga ta nan ka gani: zanenta ya fito, amma kai da hannaye kamar hayaƙi. Duk ukun haka suke. Ɗan Azumi ya duba, wannan karon bai yi dariya ba, ya ce laifin ba na akwati ba ne.

A nan zan nemi gafararka. Tun bara jikin Inna ke rawa, kai da hannu, ba ya tsayawa sai ta yi barci. Yanzu ko ƙoƙon fura matata Zuliha ce ke riƙe mata. Lokotoron asibiti ya duba ta, ya ce abin ba ya komawa baya. Duk takardun da na rubuta maka ina cewa tana nan lafiya lau, ƙarya na yi, don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Har na yi niyyar in sake ɗaukarta da rana a tsakar gida, inda ƙiftawar ido ta isa, ta fito garau ba ka san komai ba. Ita ta hana. Ta sa aka riƙe mata hoton, ta daɗe tana dubawa, ta yaba aikin, sannan ta ce wannan ɗin za a aika maka, ba wani ba.

Ka gaishe mini da Wasila, da yaranka Ibrahim da Kaltuma, da Kawu Lawali in har yana nan wurinku. Zuliha da Barira suna gaisuwa. Inna ta sa maka albarka, ta kuma ce in gaya maka gidan dai ka gan shi, zai jira ka ko shekara nawa ne, amma ita ba ta yi maka wannan alkawari ba. Hanya ta bushe, motoci na shigowa. Don Allah Yaya ka taho.

Ƙanenka,
Suma'ila