Ɗakin Ƙasa Da Baba Ya Gina Maka

Fagge, Kano
9 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga Yaya Isyaku,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Ikko. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Yaya, saƙonka na a rushe ginin ƙasar gidanmu a tayar da na bulo ya iso. Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gina wa Fagge soraye, yau ɗan cikinsa ne yake jin kunyar ƙasa! Dama tun da siminti ya cika gari ba mai kiransa aiki. Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

To amma saurari daɗin labarin. Ka tuna Nwabueze, kafintan Sabon Gari da yake yi wa Baba ƙofofi? Shi ya zo da dabara: a kafa alluna biyu, a zuba jar ƙasa a tsakani, a yi ta daka da taɓarya har ta ƙanƙame, sannan a cire katakon. Baba ya ce wai shi za a koya wa ƙasa? Ya kwaɓa ta jagab yadda ya saba yi wa tubali. Ana zare allunan, bango ya zauna daɓas kamar fate. Na shige ɗaki na sha dariya. Nwabueze cikin ladabi ya ce ɗan danshi kawai ake so, yadda in an dunƙula ta a hannu za ta tsaya. Washegari Baba ya riga kowa fitowa.

Wallahi gani ya kori ji! Ɗaki ya tashi a filin da muke ɗaure awaki, bangon layi-layi, ja da fari-fari. Baba ya lanƙwasa kusurwoyin, ya jera azara, ya kafa zankwaye, ya zana dagi a saman ƙofa da yatsunsa. Da azahar ciki sanyi kamar randa. Jiya wani Alhaji mai gidan bene ya tsayar da marsandi, ya ce shi ma irinsa yake so. Baba har waƙar magina yake yi yanzu.

Na tambaye shi me zan rubuta maka. Ya ce, "Ki gaya masa ɗakin nasa ne. Ya zo ya wuni a ciki sau ɗaya. In ya fito yana son bulo, ni zan fara sa wa ɗakin diga."

Inna da Nana suna gaishe ka. Ka gaida mini Aishatu da Abdulgani.

Ka san Baba, in ya faɗa sai ya aikata. Don girman Allah, Yaya, kada ka sa shi ɗaukar digar nan.

Ƙanwarka,
Ummakulsum