Raƙumi Ya Ci Kanwa, Kamfani Ya Ce Laifin Sifirin Ne

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin inshorar da yake karɓar kuɗina duk shekara.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wanda yake ɗaukar waya kullum ya ce min kana mitin. Sunana Modu, direba ne ni a tashar Nguru. Ina da farar a-kori-kura da nake lodin mutane da kaya zuwa Gashua, ranakun kasuwa kuma in wuce Yusufari in shiga ƙauyukan cikin rairayi. Na rubuto a fili ne saboda na bi ta cikin sirri ban samu mai saurarona ba.

Motata tana kwance a gareji tun bazara, rufinta ya lotse, gilashin gaba ya tarwatse. A tasharmu, motar da ta daɗe ba ta yi lodi ba, ƙungiya takan ba wa wani layinta. Shugabanmu ya yi min kara, ya ce zai riƙe min har sabon gero ya fara shigowa kasuwa. To, Yallaɓai, gero ya fitar da kai. Layin nan da shi nake ciyar da gidana, kuma masu jiran sa suna gaishe ni da fara'ar da ba ta kwanta min ba.

Na farko, ga yadda abin ya faru. A wata kasuwar ƙauye ce a bayan Yusufari. Na yi lodin buhunan kanwa a kan keriya, wato ragar ƙarfen da ke saman motar, na kashe inji, na zuba makulli a aljihu, na shiga sallar azahar. Wani amalen raƙumi ya kwance igiyarsa ya biyo ƙamshin kanwa. Ya yaga buhu ya fara ci, da daɗi ya ratsa shi sai ya jingina ƙirjinsa gaba ɗaya a jikin mota don ya kai ga na tsakiya. Ina sujada na ji ƙarar, har na tausaya wa mai motar a zuciyata. Da na fito na tarar ni ne. Mai raƙumin talaka ne kamata, ya rantse ya kuma rantsewa ba shi da abin biya, ya ba ni haƙuri da ƙullin dabino. Raƙumin ko ƙwarzane bai yi ba, ya tafi yana lasar leɓe.

Na biyu, mai binciken da kuka turo. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci zarafinsa ba. Ya duba motar a gareji, ya ce sai ya ga wurin da abin ya faru. Ƙaramar motarsa, wadda take yadda masana'anta suka haife ta, tana sauka daga kwalta ta nutse har ƙofa. Sai a motar wani abokin aikina aka ƙarasa da shi, ita ma tana da keriya da ƙarin sifirin, wato ƙarafan da ke ɗaga mota don ta shiga rairayi, irin nawa sak. A cikinta ya zauna yana rubuta cewa ƙarin sifirin haɗari ne.

Hukuncin da ya yanke shi ne, wai sifirin ɗin da na ƙara sun ɗaga motar har kanwa ta zo daidai bakin raƙumi, da tana tsayinta na asali da bai gan ta ba. Wai keriyar ba ta masana'anta ba ce. Wai lambar injin ta saɓa da wadda ke takardunku. Saboda haka, tunda ban sanar da ku waɗannan sauye-sauye ba, ba wannan motar kuka yi wa inshora ba. Yallaɓai, ban san raƙuman wajenku ba. Namu suna cin ciyawa a ƙasa, suna cin ƙaya a kan bishiya. Ina roƙon a faɗa min tsayin da ya dace mota ta tsaya don kada raƙumi ya gan ta, in sa a saita min ita a nan.

Na uku, wakilinku da ya sayar min da inshorar, Malam Audu. Shi ya bi ni har tasha ya ce in daina yankar ƙaramar takarda ta nuna wa jami'an hanya, in yi babba wadda take gyara mota. Ranar da ya zo, sifirin ɗin suna nan, keriyar tana nan. Ya zagaya motar ya ɗauke ta hoto, ya ɗora jakarsa a kan keriyar na kai shi Gashua kyauta, har ya tambaye ni wane mai walda ne ya yi min ita, ƙaninsa yana so. Bai taɓa ce min in na sauya wani abu in faɗa ba. Daga baya an karanta min sharaɗin, yana nan da Turanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Ban ce sharaɗin banza ne ba. Amma a ƙasar nan motar da ba a taɓa ba ba ta kai kowa gida, kuma Malam Audu ɗan nan ne, ya sani.

Na huɗu, tunda kun ce wata mota daban kuka yi wa inshora, na fita neman ta, kuma alhamdu lillahi na same ta. Tsohon injin yana fadamar Katuzu, wani manomi ya haɗa shi da famfo yana ban-ruwan albasa. Murfin bodi na baya yana Dapchi, shi ne ƙyauren garken awaki. Kujerar gaba ta asali tana teburin wani mai shayi a Gashua, ni kaina na zauna a kanta na sha. Duk suna lafiya, babu wanda raƙumi ya taɓa. Ashe duk shekarun nan awakin Dapchi da albasar Katuzu nake biya wa kariya. Manomin ya ji daɗi ƙwarai da na gaya masa, ya ce a gaishe ku, kuma yana tambaya ko in ambaliya ta cinye injin zai iya zuwa.

Na biyar, labarina ya firgita tasha. Direbobin da Malam Audu ya yankar wa babbar takarda suka dinga kiran ofishinku. Ba Kyari, dattijonmu, ya kira ya sanar cewa zai rage iskar taya don ya shiga rairayi, da ya fito kwalta ya sake kira cewa ya mayar. Wani ya sanar cewa ya rataya carbi a madubi. Wani ya ce ya goge sunan da ke bayan motarsa ya rubuta wani. Ma'aikacinku ya ce musu su daina damun sa, yanzu ba ya ɗaukar lambar kowa daga Nguru. Ni da ban faɗa ba an hana ni, su da suke faɗa an toshe su.

Buƙatuna ba su da yawa. Ina roƙon ka sa a sake duba maganata, a gyara min rufi da gilashi kawai, na yafe kanwar. Ina roƙon ku umarci wakilanku su riƙa gaya wa mutane da Hausa da Barbarci, tun kafin su karɓi kuɗi, wane sauyi ake faɗa kuma wa ake faɗa wa.

Ta ƙarshe sanarwa ce, kuma a wannan karon tun kafin in yi nake faɗa. Mai walda ya ce abin da ƙarfina zai kai shi ne a yanke rufin gaba ɗaya, a bar motar ba gilashi, in naɗa rawani in sa tabarau. A haka zan iya shiga layi kafin a ba wa wani. Damina ba ta gama ɗaukewa ba, fasinjojina kuma yawancinsu tsofaffin mata ne masu kai bandar kifi kasuwa, waɗanda suke kira na ɗansu. Ban taɓa ɗaukar mutum a motar da ni kaina nake tsoronta ba, kuma wallahi wannan ina tsoronta. Na ce wa mai waldan ya dakata in ji daga gare ka. In buhun farko na sabon gero ya riga amsarka shigowa Nguru, zan ce masa ya yanke, kuma zan yi lodi.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya yi wa zuri'arka albarka. Allah kada ya kawo ranar da za ka auna abincin 'ya'yanka da rayukan iyayen wasu.

Wassalam.

Naka mai biyan kuɗi a kan lokaci,
Modu Direba, tashar Nguru.