Bututun Hayaƙin Alkasim

Tudun Wada, Nuwamba 1955

Zuwa ga Yaya Halima,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau.

Labarin gidanmu bututu ne. Kin san mijina Alkasim, tunda ya zama duba-gari ba ya ganin hayaƙi ya yi shiru. Ya kawo Maikano maƙeri ya yanka garwa shida, ya haɗa bututu daga kan murhun surukata Iya Kulsum, ya fasa soron ya fitar. A bisansa ya ɗora wata fanka da iska ke juyawa, tana zuƙe hayaƙin. Maƙwabta har layi suke yi. Iya, wadda shekara arba'in take girki da kwana a ɗakin, ta tambaya ko hayaƙin ya taɓa kai ƙarar wani. Tarinta dai ya ragu.

Ƙanwarki,
Maimuna

Afrilu 1957

Yaya,

Ina gaisuwa, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Wani gari mai laushi yana zubowa daga rufin Iya, har cikin miya. Buba magini ya zo ya soka wuƙa a itacen rufin, ta shige kamar a dafaffen rogo. Ya ce baƙin hayaƙin nan da Alkasim ya sa aka kankare shi ne ke hana gara da ƙwaro. Alkasim ya ce babu wannan a littafinsa. Ya goge fankar, ya sa mata mai, domin yana so baturen lafiya, shugabansu, ya gani idan ya zo rangadi a watan Yuli.

Taki,
Maimuna

Yuni 1957

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, motar Kwanar Dangora da za ta kai wasiƙar na jira.

An yi ruwa uku, ƙasar soron ta sha ta yi nauyi, tsakiyarsa ta lotsa. Iya ta ce a nan ta haifi Alkasim, ba inda za ta. Shi kuma ya ce a jira bature tukuna kafin a taɓa rufin. Ki roƙi Baba ya zo, ko zai ji kunyarsa.

Yau na kai tabarmata ɗakin Iya, can zan riƙa kwana, ni da cikin wata bakwai. Alkasim ya ga na shiga da ita. Gabas ta fara haɗa hadari.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Maimuna