Na'urar da ta ga tagwaye

Nima, Ankara

Zuwa ga Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya zaman Legas? Ina fatan ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Yaya, mai ɗakina Rabi ta sauka, tagwaye mata, amma da kunya nake rubuto maka. Asibiti sun kawo wata sabuwar na'ura da ake gogawa a ciki, a ga jariri kamar a talabijin. Da aka duba Rabi, likita ta ce biyu ne, ɗaya a gicciye, lalle ta haihu a wurinsu. Ni kuwa na tsaya ƙofar masallaci ina cika baki, wai ƙarfe ba ya ganin abin da Allah ya ɓoye. Na ce a ɗaki aka haife mu, a ɗaki za ta haihu. Ragon suna ma ɗaya na saya.

Ranar naƙuda, jaririya ta farko ta fito, ta biyu ta ƙi. Ka san lungunmu, mota ba ta shiga. Mutanen da na yi wa wa'azin nan su suka ɗauko Rabi a kan ƙyauren ɗaki, suka haye babbar kwata da ita har titi. Sai da aka yi mata aiki a asibitin. Allah ya sa dukkansu sun rayu.

Har yau babu wanda ya tanka mini. Surukata ce kawai ta ce, "Malam, rago na biyun fa?"

Ka sa su a addu'a, ka gaida Yaya Hajara da yara. In za ka rubuto, don Allah ka yi mini faɗa. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Ƙaninka,
Ɗanladi