Littafin da Na Buɗe ta Dama

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka, Ya sa albarka a neman da ka fita, Ya tsare ka a inda ba ka da kowa. Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin jikin bai motsa ba, amma harshen ya ɗan saki, har yana zagina in ji sarai. Gwaggo ta zo duba shi, ciwon gwiwa bai bar ta ta daɗe ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ni ɗan allo ne, bokon ma Yaya Ƙarama ce ta ɗura mini da ranƙwashi.

Na san kana ganin hannuna za ka fara murmushi kana jiran tsiya. Yau babu ita. Ka tuna tsohon littafin nan mai jan bango da Inna, Allah Ya jiƙanta, take ajiyewa a ƙasan akwati, wanda ta ce duk ɗan makaranta na zamaninsu sai da ya yi kuka a kansa? Shi Yaya Ƙarama take karanta wa Baba bayan la'asar, in ta gama gugar kayan mutane. Labarin wata yarinya ne da ta bar karatu tana ɗinki don ƙannenta su zama mutane, ta ba wannan abincinta, ta ba wancan bargonta, in an tambaye ta ta ce ta ƙoshi. Ni kuwa na samu abin yi. Sai in yafa zane in langaɓe, in yi ta tarin ƙarya ina cewa ku ci ku ci ni na ƙoshi, in zube a tabarma. Baba ya yi ta dariya da rabin bakinsa, ita kuma ta bi ni da mafici tana cewa ba ni da zuciya.

Ran nan na ɗauke littafin zan ɓoye mata cikin kwandon guga, sai na ce bari in gwada karatuna. Hannu ya saba, na buɗe ta dama yadda muke buɗe namu na makarantar allo. Na yi ta haɗa baƙi da wasali har na gama shafin, ina mamakin wane irin littafi ne ke farawa da mutuwa. Ƙannen sun dawo da tsaraba niƙi-niƙi, maƙwabciya ta tare su a ƙofa ta miƙa musu makulli, ta ce an kai ta tun jiya. Sai daga baya na gane ƙarshen na karanta. Su Baba suna tsakiyar littafin, ni na riga su.

Tun ranar wasa ya maƙale mini a wuya, don tarin da nake kwaikwayo yanzu daga ɗakin guga nake jin sa, kuma ba na ƙarya ba ne. Yaya Ƙarama ta rame har awarwaronta yana zamowa gwiwar hannu. Na ga jini a tsumman da take goge baki, ta ce dasashi ne. Da ƙyar na ja ta asibiti, na yi mata ƙaryar cewa Baba za a karɓo wa magani. Likita ya ce ƙirjin ya taɓu, a kwantar da ita yanzu ana iya shawo kansa, in aka bari sai yadda Allah Ya yi. Muna fitowa ta ce wa zai juya Baba, wa zai yi masa wanka, wa zai ba shi abinci. Na ce ni. Ta ce ai tun da na zuba masa gishiri a shayi ba ya karɓar ko ruwa a hannuna, kuma gaskiyarta, na gwada ya dafe baki. Ta ce in na sanar da kai ba ta yafe ba, kana da naka nauyin. Yaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ita kuwa ta ɗauka tun rasuwar Inna, mu muna ƙarƙashi muna shan inuwa. Maganar kowa ba ta ji sai taka, Baba kuma zai ci a hannunka.

Shekaranjiya ta fita kai guga, Baba ya yafito ni. Ya ce ya san halina, ba na ganin tukunya a rufe in ƙyale, in gaya masa yadda yarinyar littafin ta ƙare. Na ce ai daɗi, 'yan'uwanta sun iso da wuri sun kai ta wurin likita, ta warke har ta yi ƙiba. Ya dube ni, hawaye na gangarowa ta gefen da ba ya motsi. Sannan ya ce na yi masa ƙarya da yawa a duniya, wannan ce kaɗai yake so ta zama gaskiya, in tashi in nemo takarda in rubuta maka. To ga ta, na rubuta. Ka zo, kuma kada ka tsaya sayen tsaraba.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan Ɗan Lele, ka ce kawunsa bai manta da ramuwar cizon da ya yi masa ba. Baba yana sa maka albarka. Gwaggo da Kawu mai gyaran rediyo suna gaishe ka. Yaya Ƙarama ba ta aiko da gaisuwa ba, don ba ta sani ba.

Ƙaninka,
Auta